Ƙabar mahaifina tana komawa idan ya kwanta: dole ne sai an yi masa aiki?

Tambaya: Assalamu alaikum likita. Mahaifina manomi ne, ya haura shekara 60. Kusan shekara 6 ke nan yana da kumburi a matsematsinsa na dama, yanzu har ya sauko cikin maraina. Idan ya kwanta sai ya koma ciki, wani lokaci har da ƙugi. Ya sha magungunan gargajiya iri-iri. A asibiti an ce sai aiki, shi kuma yana tsoro, wai aikin yana kashe mazakuta, kuma ya ce tunda ba ta hana shi noma ba a ƙyale ta. Akwai maganin sha da zai warkar da ita? In babu, za mu iya ci gaba da jira?

Amsa: Wa'alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya saka maka da alheri bisa wannan kulawa.

Abin da ka siffanta ƙaba ce, kusan babu tantama, ko da yake sai likita ya sa hannu ya duba kafin a tabbatar. Maganin sha ba ya warkar da ita, na asibiti ne ko na gargajiya. Jira kuma iri biyu ne. Jiran 'yan makonni don a shirya, a haɗa kuɗi, a daidaita hawan jini idan akwai, wannan babu laifi. Jiran da ba shi da rana, irin wanda Baba yake yi shekara 6, shi ne nake roƙonku ku kawo ƙarshensa. Zan yi maka bayanin dalili dalla-dalla, domin dattijo ba ya yarda a yanka shi sai ya fahimci abin da ke jikinsa, kuma yana da gaskiya.

Hanji da kitsen da ke lulluɓe da shi suna zaune ne cikin ciki, bangon nama da jijiya mai ƙarfi ya kewaye su. A matsematsin kowane namiji akwai wata 'yar hanya da ta ratsa wannan bango. Asalinta tun mutum yana cikin uwa ne: 'ya'yan maraina a can sama kusa da ƙoda ake halittarsu, sai a watannin ƙarshe na ciki su gangaro ta wannan hanya su sauka mazauninsu, suna janye da jijiyoyin jini da bututun maniyyi. Hanyar takan tsuke bayan sun wuce, amma wurin yana zama mai rauni har abada. A wasu ba ta rufe sosai tun farko, a wasu kuma shekaru da wahala ne suke sassauta naman. Da zarar ƙofa ta samu, duk lokacin da mutum ya tashi tsaye, ya yi tari, ya yi nishi ko ya ɗaga kaya, sai hanji ya turo kai ta wurin. In ya kwanta nauyin ya sauka, sai ya koma. Ƙugin da kuke ji iska ce da ruwa suke motsi cikin hanjin sa'ad da yake komawa. Kamar buhun hatsi ne da ya ɓule ta gindi: in ka kwantar da shi zuba ta tsaya, in ka tsayar da shi ta dawo, kuma babu abin da za ka zuba cikin buhun ya toshe ɓular, sai dai ɗinki.

Wannan ne ya sa ciwon ya fi yawa ga maza nesa ba kusa ba. Kiyasin da likitocin fiɗa suka daɗe suna aiki da shi ya nuna cewa kusan namiji 27 cikin 100 zai gamu da ƙabar matsematsi a tsawon rayuwarsa, mata kuwa kamar 3 cikin 100. A duniya ana yin wannan aiki kimanin sau miliyan 20 duk shekara. Wani bincike da aka yi a yankin Ashanti na Gana, aka wallafa a 2016, ya gano cewa sama da namiji baligi ɗaya cikin goma yana yawo da ƙabar da ba a yi wa aiki ba. Duk wanda ya zauna a ɗakin duba marasa lafiya a Kano, Zariya, Sakkwato ko Maraɗi ya san mu ma haka abin yake a wurinmu. Ka faɗa wa Baba wannan, domin kunya tana cikin abin da ke hana dattawanmu magana. Ba sakamakon wani laifi ba ne, ba jifa ba ce, ba ta da alaƙa da yawan iyali ko ciwon sanyi. Gado yana taka rawa, tsufa ma haka, sai shan taba, tari mai daɗewa irin na tarin fuka ko asma, taurin bayan gida, da yunƙurin fitsari ga wanda furostet ɗinsa, wato ƙullutun naman da ke kewaye da hanyar fitsarin namiji a ƙasan mafitsara, ta kumbura. Aikin ƙarfi kamar huɗa, dako da jan ruwa a rijiya yakan fito da ita fili ya kuma ƙara mata girma.

Akwai abu guda da likita zai fara tantancewa. Ba kowane kumburin maraina ne hanji ba. Wani ruwa ne kawai ya taru ya kewaye ɗan maraina, irin gwaiwar da ba ta raguwa ko mutum ya kwana a kwance, ba ta ƙugi, ba ta motsi da tari, kuma idan aka haska tocila ta bayanta cikin duhu haske yakan ratsa. A wasu yankunanmu tsutsar da sauro ke yaɗawa, wadda ke kawo tundurmi, ita ce ke haddasa ta. Ita ma aiki ake yi mata, amma ba ta da haɗarin da ƙaba ke da shi. Ta Baba da ke fita ta koma, hanji ne ko kitse. Yawanci dubawa da hannu, a tsaye da a kwance, a ce mutum ya yi tari, ta wadatar. Sikanin sai in an yi shakka, don haka kada ku ga ba a tura ku hoto ba ku ɗauka ba a duba shi da kyau ba.

Na san za a ce maka wane ya sha jiƙo kaza ƙabarsa ta tafi. Abin da ke faruwa shi ne yawancin waɗannan magunguna suna sa zawo ko fitar da iska, cikin ya saki, kumburin ya yi laushi, mutum ya ji sauƙi na kwana biyu. Ɓular tana nan yadda take. Ɗamara ko bel da ake sayarwa tana danne kumburin ne muddin tana jiki, kuma a ƙaba mai girma irin wadda ta sauko ƙasa takan matse hanjin a waje maimakon ta riƙe shi a ciki. Abin da ya fi tayar min da hankali shi ne sakiya ko tsaga. Wanzami yana da aikinsa, amma wannan ba hurumin aska ba ne. Abin da ke ƙarƙashin fatar nan hanji ne mai ɗauke da bayan gida. In aka huda shi ƙazanta ta zube cikin jiki, mutum zai iya rasa ransa cikin 'yan kwanaki. Don Allah kada kowa ya kusanci wurin da ƙarfe.

Ga dalilin da ya sa ba ma son a zauna da ita. Wata rana hanji zai iya fitowa da yawa fiye da yadda ya saba, bakin ƙofar ya shaƙe shi, ya kasa komawa. Da farko hanyar abinci ce take toshewa: ciki ya kumbura, amai ya taso, bayan gida da tusa su tsaya. Sannan sai jijiyoyin jinin hanjin su matse. Hanjin da jini ya daina kai masa yakan fara mutuwa cikin kamar awa 6, ya yi baƙi, ya ruɓe, ya fashe. A asibitocin Afirka ta Yamma shaƙewar ƙaba tana sahun gaba cikin abubuwan da ke kawo toshewar hanji, kuma abin baƙin ciki shi ne yawancin masu ita ba sa isowa sai bayan kwana biyu ko uku, an gama gwada ruwan zafi, man shafawa da allurar kemis. A lokacin aikin ya tashi daga gyaran ɓula ya koma yanke ruɓaɓɓen hanji a haɗa, ga ƙarin ruwa, ga neman jini, ga kwanciya ta mako ɗaya ko biyu, kuɗin ya ninka sau da yawa, haɗarin mutuwa kuma ya ƙaru ƙwarai, musamman ga mai shekaru. Mutum ɗaya ne, ciwo ɗaya ne, bambancin kawai ranar da ya zo.

Saboda haka kowa a gidanku ya san waɗannan alamu. Idan kumburin ya ƙi komawa bayan Baba ya kwanta ya huta ya tura a hankali yadda ya saba, ko ya yi tauri yana zafi ko taɓawa ba ya so, ko fatar wurin ta canja launi, ko amai ya zo, ko ciki ya kumbura babu tusa babu bayan gida, ko zazzaɓi ya biyo baya, to a ɗauke shi a tafi asibitin da ake tiyata a wannan sa'ar, ko tsakar dare ne. Kada a danna da ƙarfi, domin ana iya tura mataccen hanji ciki. Kada a ba shi abinci ko kunu, saboda mai yiwuwa a sa shi barci. Kada a tsaya a ƙaramin asibitin da ba a aiki ana jiran gari ya waye.

Gaskiya ne ba kowace ƙaba ce take shaƙewa ba, kuma ba na son in tsorata ku da abin da ya wuce gaskiya. An yi wani babban gwaji a Amurka da Kanada, aka wallafa a 2006, a kan maza 720 masu ƙabar da ba ta damunsu sosai. Aka yi wa rabi aiki, aka bar rabi ana sa ido. Cikin waɗanda aka bari, shaƙewa ba ta kai mutum 2 cikin 1,000 a shekara ba. Amma da aka ci gaba da bin su har kusan shekara 10, kashi 68 cikin 100 sun dawo an yi musu aikin, galibi saboda ciwo ya ƙaru, kuma waɗanda suka haura 65 sun fi komawa. Sannan ka duba su wane ne waɗannan mutane: masu ƙabar da ba ta damunsu sosai, da motar asibiti za ta iso ƙofarsu cikin mintuna. Baba manomi ne, tasa ta riga ta sauko maraina, kullum yana sunkuye da fartanya, kuma ban san nisan garinku da asibitin tiyata ba, balle a ce damina ce hanya ta yanke. A ganina sakamakon wancan gwaji bai shafe shi ba. Kuma kowace shekara da ta wuce ƙofar na ƙara faɗi, naman na ƙara laushi, shi ma ƙarfinsa na raguwa, aikin da zai yi sauƙi bana zai fi wuya baɗi.

Shi aikin kansa tsoho ne kuma sananne. Wani likita ɗan Italiya, Edoardo Bassini, shi ya kafa tushensa a birnin Padua a shekarun 1880, inda ya nuna yadda ake mayar da hanji, a ɗaure jakar da ya fito ciki, a ɗinke bangon baya na hanyar. Asibitin Shouldice da ke Kanada, wanda aka buɗe a 1945, ya inganta ɗinkin ya zama hawa-hawa. A shekarun 1980 kuma Irving Lichtenstein a Amurka ya yaɗa dabarar shimfiɗa raga a kan wurin maimakon a jawo nama da ƙarfi a haɗe. Ragar ta wani irin zaren roba ce da jiki ba ya ƙi, nama yakan tsiro ya ratsa ta ta zama bango guda. Ba ta ruɓewa, ba a cire ta, ba ta hana alwala, salla ko tafiya Hajji. Amfaninta shi ne ta rage yiwuwar ƙabar ta dawo, shi ya sa a yau ita ce zaɓin farko ga manya a aikin da aka shirya. Inda babu raga, ko kuɗinta ya gagara, ɗinki a hannun wanda ya ƙware ya fi zama da ƙaba nesa. Tsadar raga ta sa aka gwada wata mai araha a Uganda, irin yadin gidan sauro wanda ba a sa wa magani ba, aka tsabtace shi ta hanyar asibiti. Sakamakon da ya fito a 2016 a kan maza kusan 300 bai nuna wani bambanci na a-zo-a-gani tsakaninta da ta kamfani ba bayan shekara guda. Akwai kuma aikin kyamara, wanda ake yi ta ƙananan huji uku, yana da kyau ga mai ƙaba ta ɓangare biyu ko wadda ta dawo, sai dai yana buƙatar barci gaba ɗaya, ya fi tsada, kuma ba ko'ina ake yi ba. Ga irin ta Baba aikin buɗewa ya isa.

Yanka ne da bai wuce tsawon yatsa ko ya ɗan fi ba, a saman matsematsi, ba a kan maraina ba. Sau da yawa ba a ma sa mutum barci: ko a yi allurar baya rabin jiki ya mutu na 'yan awanni, ko a kashe wurin kaɗai idan ƙabar ba ta cika girma ba. Yawanci cikin kamar awa guda an gama. Wasu a ranar suke komawa gida, wasu su kwana ɗaya ko biyu.

Maganar mazakuta kuwa, ka kwantar masa da hankali, kuma ka nemi likitan ya faɗa masa da bakinsa ba a gaban yara ba. Jijiyoyin da ke sa gaba ya motsa suna can ƙasa cikin ƙugu, wuƙar wannan aiki ba ta zuwa kusa da su. Abin da ke bi ta wurin shi ne bututun maniyyi da jijiyoyin jinin ɗan maraina na wannan ɓangaren, kuma kare su yana cikin abin da ake fara koya wa duk mai koyon fiɗa. Akan samu rauni a kansu jefi-jefi, an fi gani a ƙaba mai girma sosai, ko wadda ake sake wa aiki, ko aikin gaggawa, kuma ko hakan ta faru ɗaya ɓangaren yana ci gaba da aikinsa. A zahiri ƙabar ce take shiga tsakanin mutum da iyalinsa, saboda nauyi da ciwo da kunya, kuma da yawa sai bayan aiki suke samun sakewa.

Ban ce babu matsala ko kaɗan ba. Maraina kan kumbura ko su tara jini ko ruwa na 'yan makonni, musamman bayan babbar ƙaba, yawanci kuma yakan baje da kansa. Ciwon kan iya yin ruwa. Dattijo kan iya kasa fitsari a ranar farko har sai an sa masa roba. Kamar mutum ɗaya cikin goma yakan ci gaba da jin wani ɗan zafi ko dindiris a wurin bayan watanni, amma kaɗan ne nasu ke hana su aiki. Ƙabar kan dawo ga 'yan kaɗan. Duk waɗannan na sani, kuma da mahaifina ne da na kai shi.

Kafin ranar aiki a auna hawan jini da suga da yawan jini. Idan yana tari a nemi dalilinsa, a duba majina saboda tarin fuka. Idan yana tashi fitsari sau da yawa da dare ko yana yunƙuri kafin ya fito, a gaya wa likita, domin gyara ƙaba a bar furostet tana sa shi nishi kullum ɓata aiki ne. Idan yana shan taba ya ajiye ta aƙalla wata guda kafin aiki. A faɗi duk maganin da yake sha, har na gargajiya, musamman asfirin da masu tsinka jini. Ku tambayi mai aikin kai tsaye: likitan fiɗa ne, ya saba yin wannan aiki, da raga zai yi ko ɗinki, kuma kuɗin da aka faɗa ya haɗa da me da me. Manyan asibitocin gwamnati na jiha da asibitocin koyarwa duk suna yi, inshorar lafiya takan ɗauki nauyinsa ga wanda ya yi rajista, kuma akan shirya aikin ƙaba kyauta lokaci-lokaci; in za ku bi wannan hanya ku tabbatar akwai inda za ku koma a duba shi bayan masu aikin sun tafi.

Bayan aiki ba a son kwanciya. Ya tashi ya taka tun ranar farko, ya ci abincinsa, ya yawaita ruwa da ganye irin su zogale da kuɓewa don kada bayan gida ya yi tauri. Salla a zaune na 'yan kwanaki, sannan ya koma yadda ya saba gwargwadon abin da jikinsa ya ɗauka. Zirga-zirga da ƙananan ayyuka cikin mako ɗaya zuwa biyu. Huɗa, ɗaukar buhu da doguwar tafiya a babur, ni nakan ce manomi ya ba su mako 4 zuwa 6. Wannan ya sa lokacin da ya fi dacewa da Baba shi ne da zarar an gama kai amfanin gona gida: ga kuɗi a hannu, ga hutun rani a gaba, kafin ruwan farko ya sauka ya warke sarai.

Tunda wasu ma za su karanta, in ƙara da mata da yara. Mace da ta ga ɗan ƙullutu a can ƙasan matsematsi, wajen saman cinya, kada ta raina shi don ƙanƙanta. Irin wannan ƙofarta matsattsiya ce, ta fi kowace saurin shaƙewa, ba a jira da ita. Haka wadda tabon aikin haihuwa ko na wani aikin ciki ya fara turowa, ko babba da cibiyarsa ta fito bayan haihuwa da yawa ko ƙiba, su je a duba. Jariri da ake ganin kumburi a matsematsinsa idan yana kuka, musamman bakwaini, aiki ake yi masa da wuri ba sai ya girma ba, domin a shekarar farko ta fi maƙalewa. Nasa ɗaure bakin jakar kawai ake yi, babu raga. Cibin yara ne kaɗai yake rufewa da kansa, galibi kafin shekara 4 zuwa 5, kuma ɗaura masa kwabo ko tsumma ba ya ƙara komai sai gyambo.

Ka samu wanda Baba ke jin maganarsa, ƙaninsa ko amininsa ko wani da aka yi wa aikin ya koma gonarsa, ku tafi tare ranar ganin likita, a sa rana. Daga yau zuwa wannan ranar a rage masa ɗaukar kaya masu nauyi, ku san asibitin da ake tiyata da dare mafi kusa da ku, ku riƙe lambar mai motar da za ku kira, kuma ku ware kuɗin mai a ajiye.